Abin da Na Rubuta a Kan Kawu

Na sauka Manchester ana tsakiyar makokin sarauniyar Ingila. Hotonta na ko'ina, a filin jirgi, a allunan tashar bas, har a tagar shagon da na shiga sayen layin waya. Na zo karatun digiri na biyu ne a fannin kimiyyar siyasa, da tallafin gwamnatin jiharmu, kuma na zo da bakina. A jami'ar da na baro a gida ina cikin masu hawa teburi a taron ɗalibai, irin waɗanda in sun kama magana sai an ƙwace lasifika daga hannunsu.

A titi mutane na ajiye furanni, amma a ajinmu wata magana ake yi daban: ko lokaci ya yi da ƙasar za ta ajiye sarauta ta koma jamhuriya. Bayan 'yan makonni, malamar da ke koya mana dabarun jin ra'ayin jama'a ta ba mu aiki. Ta ce kowa ya nemi mutane kaɗan mazauna ƙasar ya yi musu tambaya ɗaya: in an wayi gari babu sarki babu sarauniya, ta yaya za a samo shugaban ƙasa? Jama'a ne za su fita su jefa masa ƙuri'a kai tsaye, ko 'yan majalisa ne za su zaɓo shi? Ta ja mana kunne a kan abu biyu. Kada mu saka sunan kowa, kuma kada mu yi gardama da wanda muke tambaya. Namu saurare ne kawai.

Ni kam tun kafin ta rufe baki na riga na san amsar da nake so in ji. A ganina duk mai hankali zai ce a bar talaka ya zaɓa da hannunsa.

Na fara da mutanen da ke kusa da ni. Mutumin da ya zo gyara mana na'urar ɗumama ɗaki ya ce a ba kowa ma, in dai ba ɗan siyasa ba ne. Wata tsohuwa da na tarar a shagon wanki ta ce ita ta gaji da zaɓe, kada a ƙara mata wani. Ɗan Ghana da muke zaune gida ɗaya ya ce ƙuri'a kai tsaye, har ya buga teburi, na ji daɗinsa ƙwarai. Amma duk maganganun gajeru ne, ba su isa cika takarda ba. Sai na tuna da Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar Najeriya tun kafin a haife ni, ya yi aikin injiniyan ruwa a Birmingham har ya yi ritaya. Sau biyu kacal na taɓa ganinsa a gida, duka a wajen rasuwa. Tun da na sauka yake kira na duk Juma'a yana tambaya ko na sayi rigar sanyi ta kirki, da kuma yaushe zan zo. Da na gaya masa aikin da aka ba mu, sai ya ce, "To ai ka zo ranar Asabar. Akwai mutanen da ke taruwa a nan bayan azahar, ka samu bakuna da yawa a zama ɗaya."

Na hau doguwar bas da safe, na sauka a tsakiyar gari, na kama wata zuwa unguwarsu, Small Heath. Gidan Kawu na cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, ƙofa kusa da ƙofa, falon ɗan siriri. Matarsa Hajiya ta tarbe ni kamar ita ta haife ni, ta riƙe fuskata tana cewa hancin uwata ne sak. 'Yarsu ma tana nan, taubashiyata, wadda ta girme ni da shekara uku, tana aiki a wani kantin magani a Perry Barr. A nan aka haife ta, Hausarta na fita da ƙyar, amma hakan bai hana ta tsokana ta ba tun daga bakin ƙofa. Ta ce takalmina na mutumin da bai taɓa ganin ruwan sama ba ne.

Bayan azahar baƙi suka iso: wani likita ɗan Zariya, wani akanta ɗan Katsina, da ɗalibai biyu. Hajiya ta kawo tuwon semo da miyar kuka, kukar da ta ce ƙanwarta ce ta aiko mata daga gida. Da aka ci aka wanke hannu, na nemi izini na ajiye wayata a kan teburi don ɗaukar murya.

Likita ya ce ƙuri'a kai tsaye, domin mutum ya fi kula da abin da ya zaɓa da kansa. Akanta ya ce shi baƙo ne, ina ruwansa, aka yi masa dariya domin kowa ya san ya fi shekara ashirin da karɓar fasfon ƙasar. Ɗaliban suka bi bayan likita. Kawu na zaune a kujerarsa ta kusa da taga yana saurare, sai na juyo na ce, "Kawu, ku fa?"

Ya ɗan jima yana murza gemu. Sannan ya ce, "Ni da za a bi ta tawa, a bar abin yadda yake. Ba don ina son gidan sarautar ba, ko kallonsu ban taɓa zuwa ba. Amma duk shekarun da na yi a ƙasar nan, ban taɓa kwana da tsoron wanda hotonsa ke jikin kan sarkin wasiƙa ba. In kuwa dole sai an canja, to 'yan majalisa su zauna, masu mulki da 'yan adawa, kada su tashi sai sun yarda da mutum ɗaya. Su samo tsohuwar shugabar makaranta, ko alƙalin da ya ajiye aiki. Wanda zai buɗe asibiti, ya je ta'aziyya, ya koma gidansa. Amma ka sa ƙasa gaba ɗaya ta yi layi saboda mutum ɗaya, gobe zai tashi ya ce shi ne ƙasar. Wanda kuma ya zo ya ƙwace kujerar daga hannunsa, shi ma haka zai ce."

Abin da ya kamata in yi shi ne in ce na gode, in kashe waya. Amma ga ɗalibai biyu suna kallona, ga likita da ya riga ya kira ni "malamin siyasa" da aka gabatar da ni. Na ji wannan zafin da na saba ji a taron ɗalibai ya taso mini. Ban ma san lokacin da na bar "ku" na koma "ka" ba.

Na ce, "Kawu, wato talaka bai isa ya zaɓi shugabansa ba, sai manya sun shiga ɗaki sun zaɓar masa? Wannan ai shi ne abin da Turawa suka bar mana a ka. Ka baro ƙasarka tana neman irinku, ka zo ka zauna a inuwar waɗanda suka mulke mu, yanzu har kana roƙon kada a taɓa musu rawani."

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye ta. Likita ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Hajiya da ke bakin ƙofar kicin da tiren shayi ta tsaya cak. Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana neman wani abu a fuskata. Sannan ya dafa hannun kujera ya miƙe ya ce, "La'asar ta yi. A nan tana saurin wucewa."

Shi ya ja mu salla. Da yamma ya raka ni har tashar bas, ya sa mini ledar dambun nama a jaka, ya ce in gaishe da malamaina. Ni kuwa a hanya ina jin kaina kamar wanda ya ci muhawara.

Da na zauna rubutu, Kawu ne ya zama ƙashin bayan aikin. Na kira shi "wani dattijo, injiniya mai ritaya, ɗan asalin arewacin Najeriya". Na ɗauki maganarsa ta farko, cewa a bar abin yadda yake, na sa ta a tsakiyar shafi. Sauran bayanin nasa, na majalisa da 'yan adawa da mutumin da zai ce shi ne ƙasar, na zubar da shi, domin ya yi hankali da yawa, zai ɓata mini tsari. Na rubuta cewa dattijon misali ne na mutanen da mulkin mallaka ya bar musu tsoron 'yanci, waɗanda jikinsu ya fita daga hannun Turawa amma zuciyarsu na nan durƙushe. Na karanta jimlar nan sau uku ina jin daɗin kaina.

Saura kwana biyu a miƙa aikin na tura wa taubashiyata ta duba mini Turancin. Wallahi ko kaɗan ban kawo a raina cewa za ta gane mahaifinta ba. Na ɗauka cire suna ya isa.

Washegari da rana, ina ɗakin karatu, ta kira ni. Na fita baranda na ɗauka, ina shirin jin tsokana. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

Ta ce, "Ka san ina da yaya namiji?" Da Turanci take magana, irin na mutanen Birmingham, sai in ta zo kan abin da ya fi mata nauyi ta jefo Hausa.

Na ce, "Ke ce ai ta fari."

Ta ce, "Ba ni ba ce."

Ta ba ni labarin a tsaye, ba ta sassauta komai ba. Kawu yana saurayi ya yi wa wata jam'iyya aiki da zuciya ɗaya, yana bin ƙauyuka a babur yana koya wa mutane yadda ake dangwala yatsa. Ɗan takararsu ya ci, suka yi ta murna. Ba a jima ba Kawu ya ga yadda mutumin da suka wahala a kansa ya daina jin maganar kowa. Sai sojoji suka karɓe mulki. Kawu na aiki a ma'aikatar ruwa a lokacin, sa hannunsa na kan wasu takardun aiki a matsayinsa na injiniya. Aka zo ofis aka tafi da shi tare da wasu, Hajiya na da ciki wata bakwai. Ba a tuhume shi da komai ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. Takarda ɗaya aka nuna masa mai cewa an tsare shi bisa umarnin shugaban ƙasa. Kullum yana tambayar masu gadi wa zai rubuta wa koke, suna ce masa babu kowa a sama da wanda ya sa hannu. Ya yi kusan shekara a ciki. Hajiya ta haifi namiji, aka yi suna babu uba, yaron ya yi wata huɗu ya kamu da zazzaɓi ya rasu. Kawu bai taɓa ganinsa ba. Ranar da aka sake shi, ba wanda ya ce masa ko yi haƙuri, an buɗe ƙofa ne kawai aka ce ya tafi.

"Mamanka ce ta yi wa Hajiya zaman jego," in ji ta. "Tana 'yar budurwa lokacin. Ita ta riƙe yaron a hanyar asibiti. Ba sa maganar, shi ya sa ba ka sani ba. Ni ma sai da na girma na gani a wata tsohuwar wasiƙa." Sannan ta ce da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin, "Babana ba ya durƙusa wa kowa sai Allah."

Na ce mata zan gyara. Na rantse mata zan gyara.

A nan ne laifin nawa na gaske yake. Abin da na faɗa a falo na faɗe shi cikin jahilci. Amma ranar da na koma kan kwamfuta na riga na san komai. Na buɗe aikin, na ga in na cire wannan sashe, duk ginin zai rushe, ga shi washegari da tsakar rana za a rufe karɓa. Na gaya wa kaina ai babu suna. Na gaya wa kaina malama ɗaya ce za ta karanta, a Manchester, wadda ba za ta taɓa haɗuwa da Kawu ba. Na canja "durƙushe" na sa wata kalma mai ɗan laushi, na cire "ɗan asalin arewacin Najeriya" na sa "ɗan Afirka ta Yamma". Na tura.

Na samu maki mafi kyau da na taɓa samu a wannan kwas. Malamar ta rubuta a gefen sashen Kawu cewa a nan ne aikin ya yi rai. Mako na gaba ta ce in karanta wa aji wannan shafin. Na tashi na karanta. Wata yarinya ta ce abin tausayi ne yadda tsofaffin nan suka kasa 'yantar da tunaninsu, wani ya ce kakansa ma haka yake. Na tsaya ina gyaɗa kai. Da aka tashi na shiga banɗaki na wanke fuska, na daɗe a tsaye gaban famfo.

Juma'a uku Kawu na kira ina barin wayar ta yi ta ƙara har ta katse, sai daga baya in tura saƙo cewa ina aji. A ta huɗu na ɗauka. Ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu, sannan ya ce, "Yaya aikin namu? An karɓa?"

Na ce, "An karɓa, Kawu. An yaba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. In za ka zo hutu ka taho mini da shi in gani. Ban taɓa ganin maganata a takardar jami'a ba."

Kwana huɗu na yi ina sake rubuta aikin. Na koma kan muryar da na ɗauka, na saurari Kawu daga farko har ƙarshe, abin da ban yi ba a karon farko. Na ji inda muryarsa ta ɗan sauka da ya zo kan mutumin da zai ce shi ne ƙasar. Na ji tawa muryar ta shigo a kansa, da ƙarfi, da rawar kai, na tsayar da wayar na kasa ci gaba sai bayan wani lokaci. Na rubuta maganarsa cikakkiya. Na nemo littattafai a kan ƙasashen da majalisa ke zaɓar shugaba marar iko, na ga ashe abin da ya faɗa a kujerarsa ra'ayi ne da masana suka daɗe suna tattaunawa. Ban bar ra'ayina ba, har yau ina ganin jama'a su zaɓa, amma na rubuta nasa yadda mai shi zai gane shi. Aikin ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Babu malamin da ya taɓa ganinsa. Na buga shi, na sa masa bango irin na wancan.

Na isa Small Heath ranar wata Lahadi ana yayyafi. Kafin in zauna na durƙusa gaban Kawu na ce, "Kawu, ku yafe mini maganar da na yi muku a gaban mutane. Rashin kunya ce da rashin sani."

Ya kama kafaɗata ya ɗaga ni. Ya ce, "Tashi, ɗana. Ni ma a shekarunka na faɗa wa mahaifina abin da ya fi wannan, a kan siyasa kuwa. Ka zo da takardar?"

Na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta tun daga shafin farko, yana bin layi da yatsa, Hajiya na ce masa abinci na hucewa yana ɗaga mata hannu. Taubashiyata na zaune a hannun kujera tana leƙawa ta kafaɗarsa. Na ga lokacin da ta iso sashen, na ga ta karanta, ta ɗago ta dube ni, fuskarta ta ɗan saki.

Kawu ya gama ya cire tabarau. Ya ce, "Wuri ɗaya ka yi kuskure. Na ce tsohuwar shugabar makaranta, kai ka rubuta shugaban makaranta. Mace nake nufi. Su sun fi sanin yadda ake raba faɗa." Ya yi dariya, sannan ya ce, "Wato Baturiyar ta karanta wannan duka? Har da maganar 'yan adawa?"

Na ce, "Ta karanta, Kawu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya tashi ya buɗe durowar da yake ajiye takardun shaidar karatunsa da na ritaya, ya sa aikin a ciki. Daga baya Hajiya ta gaya mini ya fito da shi ya nuna wa likita da akanta, ya ce su gani, yaron da suka ɗauka marar kunya ne ya fi su iya saurare.

Da zan koma, taubashiyata ta ce za ta sauke ni a tashar manyan bas. Muna cikin mota ta ce, "Na gode da ka gyara. Na san lokacin ya ƙure maka."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma na kasa. Na ce, "Ba wannan na miƙa ba. Wancan na miƙa. Wannan bayan an ba da maki na rubuta shi."

Muka wuce fitilun hanya biyu. Sannan ta ce, "Ka karanta wa mutane wancan?"

Na ce, "Na karanta wa aji."

Ta samu wuri ta tsaya kusa da tashar, ta kashe mota, hannunta biyu a kan sitiyari. Ta ce, "Ba zan gaya masa ba. Ba don kai ba." Ta miƙa hannu kujerar baya ta ɗauko ledar abincin da Hajiya ta haɗa mini ta ajiye a cinyata. "Ka riƙa ɗaukar wayarsa ranar Juma'a. Yana zama ne kusa da ita tun daga dawowarsa daga masallaci."

Na gama karatu na dawo gida, yanzu ina koyarwa. Kawu na nan da ransa, ƙafa ce kawai ta fara ba shi wahala. Muna magana kusan kowane mako, kuma sau da yawa na shirya yadda zan fara gaya masa, sai ya riga ni da tambayar jikin mahaifiyata ko ruwan bana, mu yi sallama ban faɗa ba.